"Ban ci komi ba, shayi kawai na sha"

Ina cikin watana na biyu da fara aiki a wani gidan likita a nan Tawa, wata safiya sai ga mai labo, wato mai auna jini a ɗakin gwaji, ya tako da ƙafarsa har ɗakinmu, riƙe da takarda. Mutum ne da ba ya barin kujerarsa sai da dalili, don haka ina ganinsa gabana ya faɗi. Ya karanto sunan wani dattijo da na ɗauki jininsa, ya tambaya ko yana raye. Na ce ga shi can gindin dogon yaro yana hira. Ya ce, "To jinin da kika kawo mini na gawa ne."

Ga abin da ya faru. Jijiyar dattijon ta ba ni wuya, jinin da na samu cikin sirinji kaɗan ne, ana kuma son gwaji iri biyu. Na fara cika tibi, wato ƴar kwalbar zuba jini, mai murfi shunayya, wanda muke kira biyole, da na ga abin da ya rage bai kai ba, sai na buɗe shi na tsiyaya kaɗan cikin ɗayan. A ganina jini jini ne, mutum ɗaya, hannu ɗaya. Ashe tibin biyole akwai magani a cikinsa mai suna EDTA, wanda ke hana jini daskarewa ta hanyar kame kalsiyom, kuma shi kansa haɗe yake da fotasiyom. Da injin ya auna, sai ya ga fotasiyom ya hau inda zuciyar ɗan Adam ba za ta ci gaba da bugawa ba, kalsiyom kuma ya kusa ɓacewa. Da a ce lokotoro ya ga wannan sakamako ya yarda da shi, da an ɗura wa dattijon maganin cutar da ba ya da ita.

Majo, wato shugabarmu a wurin aiki, ba ta yi mini faɗa gaban mutane ba. Ta kira ni gefe, ta jera tibi biyar a kan tebur, ta ce in faɗo su bi da bi. Na kasa. An koya mana a makaranta, na ma ci jarrabawa a kai, amma a lokacin na ɗauka jerin launuka ne na hadda. In akwai kwalaben neman ƙwayoyin cuta a jini, su ne farko, don kada wani abu daga waje ya shiga. Sai shuɗi mai sitarat na gwajin daskarewar jini, wanda dole a cika shi har layinsa, domin kashi 9 na jini ake so a kan kashi 1 na magani. Sai ja, sai kore mai hefarin, sai biyole, ruwan toka na auna sukari a ƙarshe. Dalilin jerin shi ne bakin allura na iya kwaso maganin tibin farko ya kai na gaba. Ni kuwa ba kwasowa na yi ba, zubawa na yi da hannuna.

Aikin hannu bai daɗe yana ba ni wahala ba. A cikin ƴan watanni yatsana ya koyi gane jijiyar tsakiyar gwiwar hannu ko da ido bai gan ta ba, tana lotsawa tana dawowa kamar roba. Garo, wato robar da ake ɗaure hannu da ita, a ɗaura shi yatsu huɗu ko biyar sama da wurin, kada ya wuce minti 1, don in ya daɗe jinin wurin yana yin kauri, awo ya karkace. A goge da alkol mai kashi 70 a bar shi ya bushe da kansa, kamar daƙiƙa 30, ban da hurawa da baki, ban da sake taɓa wurin. Allura ta shiga a kwance, bakinta na kallon sama. A kwance garo kafin a zare ta. Littafin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2010 kan ɗaukar jini ya zayyana yadda ake wannan aikin, kuma babu wani abu a ciki da ya fi ƙarfin ƙaramin gidan likita na ƙauye.

Abin da nake yawan gani wurin sababbin zuwa, ni ma na yi shi, shi ne girgiza tibi kamar mai kaɗa nono. Jajayen ƙwayoyin jini ba su jure wannan, fashewa suke yi, ruwan jinin ya koma ja, fotasiyom ɗin cikinsu ya fito. Juyawa ake yi a hankali, sama zuwa ƙasa, sau 8 zuwa 10 ga biyole. Haka nan jan sirinji da ƙarfi ko matsa jini cikin tibi ta siririyar allura. Hannun da ake ƙarin ruwa kuma ba a ɗaukar jini a cikinsa. Na taɓa ganin sukarin wata mata ya yi tashin da ya firgita kowa, ashe ruwan gulukos ɗin da ke shiga hannunta aka auna.

Aikin baki, wato yi wa mutane bayani, shi ne ya ɗauke ni shekaru.

A takarda lokotoro zai rubuta kalma biyu na Faransanci cewa mutum ya zo bai ci komi ba. Ni kuma in juya in ce, "Baba, gobe da safe ka zo kada ka ci abinci." Washegari ya zo, in tambaya, ya ce, "Wallahi ɗiyata ban ci komi ba." Kuma gaskiya ya faɗa. Bai ci tuwo ba, bai ci ɗumame ba. Amma bayan sallar asuba ya zauna wurin mai shayi ya sha na ɗaya da na biyu, kowa ya san yawan sukarin da ake zubawa a barada. Wata ta sha koko, wani ya sha hura ludayi biyu. A Hausa ci daban, sha daban, ni kuwa ci kawai na hana. Laifin wa ke nan? Yanzu lissafo su nake yi ɗaya ɗaya: ban da shayi, ban da koko, ban da hura, ban da madara, ban da goro, ruwa zalla kawai, tun daga bayan cin abincin dare har awa 8 ko fiye su cika. Da safe kuma ba na tambayar "ka ci abinci?", cewa nake, "Baba, me ya shiga bakinka tun da ka tashi?"

Na gwada amfani da kalmar azumi, ita ma ta kawo nata rikicin. Wasu suka daina shan ruwa gaba ɗaya, su zo jijiya ta lafe, in yi ta lalube. A watan Ramadan kuma mutum zai zo ƙarfe 8 na safe ya ce ai azumi yake, alhali ya yi sahur mai nauyi awa uku da suka wuce. Irin wannan sai in ce ya dawo wajen azahar.

Sai maganar suna. Rana ɗaya na samu mata biyu a layi, sunansu ɗaya, sunan mahaifinsu ɗaya. Ranar haihuwa ba ta raba gardama ba, don katin ɗaya shekara kawai aka rubuta a kan kintace, ɗayar ma ba ta zo da kati ba. In ka kira suna ka ce "ke ce wance?", mace mai kunya za ta ce e ko da ba ta ji da kyau ba. Sai na koma cewa, "Inna, faɗa mini sunanki da bakinki," in ƙara da unguwa ko gari, in haɗa da lambar rajista. Kada ka nemi sunan miji ko na ɗan fari, da yawa ba za su faɗa ba, ka sa su jin nauyi a banza. Tibi kuma a gaban mai shi nake rubuta shi, kafin ya tashi daga kujera. Tibi uku marasa suna a cikin faranti, in aka kira ki waje minti biyu kika dawo, rantsuwa ba za ta gaya miki wanne ne na wa ba. Zubar da su za a yi, a sake sokar mutum uku.

Akwai masu tsoron za a ƙarar musu da jini, musamman in sun ga tibi uku. Nakan nuna musu ƙaramin cokalin shayi in ce kowane tibi kusan cikinsa ne, babban mutum kuma yana da kusan lita 5 a jikinsa. Yawanci dariya suke yi su miƙo hannu.

Fitsari ya fi jini wuya, domin ba ni ke ɗauka ba. Mai shi ne zai shiga ban ɗaki ya rufe ƙofa, abin da na faɗa masa kaɗai zai shiga da shi. Ga kunya, ga shi najasa ne, ba mai son tsayawa a yi dogon bayani a kansa, balle in yarinya ce ke yi wa sa'an babanta. Da fari ni ma gudu nake yi, in miƙa kwalba in ce "a kawo fitsari" ina kallon ƙasa. Sakamakon wannan kunya tawa na gan shi. An kawo mini fitsari a gwangwanin tumatir, an kawo a leda, an kawo a kwalbar turare. Wani bawan Allah ya kawo nasa a kwalbar lemo da aka ɗauraye sama-sama, gwaji ya nuna sukari, aka kusa ce masa yana da ciwon sukari, sai da aka sake da kwalbarmu aka ga babu komi.

Gwajin da ake kira ECBU, na neman ƙwayoyin cuta a mafitsara, shi ne mai tsauri. Kwalbar a rufe take zuwa, babu ƙwayar cuta ko ɗaya a ciki, kuma haka ake so ta kasance har fitsarin ya shiga. Na farkon safiya ya fi. A wanke hannu da sabulu, a yi tsarki kafin a fara, mace daga gaba zuwa baya. A nan nake tsayawa in maimaita, domin mu duka mun saba tsarki bayan an gama ne, buta tana jiran ƙarshe. Sai a saki na farko ya zuba ƙasa, shi ke wanke hanya, a tari na tsakiya ba tare da an tsaya ba, a bar na ƙarshe ya tafi. Kada yatsa ya shiga cikin kwalba ko cikin murfi. In mutum ya riga ya fara shan maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda sau da yawa ya saya wurin mai tebur kafin ya zo, dole in sani in rubuta, don yana iya ɓoye cutar. Mace mai haila ma ta faɗa mini. Da na ga maza dattawa ba sa saurarena sai dai su ce "to, to" don in yi shiru, na roƙi wani abokin aikina namiji ya riƙa yi musu bayanin, ni in riƙe mata. Mun fi samun fitsari mai kyau tun daga nan.

Na zo na haddace "na tsakiya, na safe" har ya zama mini waƙa, sai ya kayar da ni. Wani mutum ya kawo ɗansa daga wajen Tabalak, yaron yana fitsarin jini, yana kuma wanka a tafki kamar sauran yara. Ana zargin tsargiya. Na ba su bayanin da na saba, suka kawo na tsakiya da sassafe, ba a ga komi ba. Mai labo ya sake takowa. Ƙwan tsutsar tsargiya sun fi fita tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, kuma sun fi yawa a ɗigon ƙarshe, wato daidai wanda na ce a zubar. Uban ya riga ya biya kuɗin mota, na sa shi ya ƙara kwana a gari. Da aka sake da rana tsaka, ga ƙwai nan a madubin labo, kowane da ɗan tsininsa a ƙarshe. Tun ranar, kafin in buɗe baki sai na duba abin da lokotoro ke nema.

Zafin Tawa ma yana da hannu a cikin aikin. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da awon zafi ke wuce digiri 40, abin da ke cikin kwalba bai tsaya jiranka ba. Fitsari in ya wuce awa 2 a waje, ƙwayoyin cuta ƴan kaɗan da suka faɗa ciki sun hayayyafa, sai ya yi kama da na mai ciwo. A firigo, a sanyin digiri 4, yana iya kai awa 24, in wuta ba ta ɗauke ba. Jini kuma ƙwayoyinsa suna ci gaba da cin sukarin da ke ciki, kusan kashi 5 zuwa 7 cikin 100 kowace awa in ba tibin ruwan toka ba ne, da zafi ma ya fi haka. Shi ya sa nake rubuta lokacin ɗauka a jikin kowane tibi, kuma ba na yarda ɗan rakiya ya sa kwalba a aljihu ya hau kabu-kabu ya biya ta kasuwa.

Allura ta taɓa sokata sau ɗaya, ina ƙoƙarin mayar mata da murfi da hannu biyu, abin da aka hana mu tun ranar farko. Na wanke da ruwa da sabulu, ban matse ba, na gaya wa Majo nan take. Maganin kariya daga sida ana fara shi da gaggawa, kada a wuce awa 72, a sha kwana 28. Na shanye shi, Allah ya kiyaye. Kwalin zuba allura yanzu kusa da hannuna na dama yake zama, in ya kai kashi uku cikin huɗu a rufe shi.

Makon jiya wani dattijo ya zo da bidon fitsarin awa 24. Na yi masa bayani tun ranar Asabar: na farkon safiya a zubar a duba agogo, daga nan duk wanda ya zo a tara, dare da rana, har da na farkon safiyar gobe, a ajiye bidon a wuri mai sanyi. Na ɗaga bidon na ji bai yi nauyi ba. Na ce, "Baba, jiya Lahadi ka je kasuwa?" Ya ce ya je mana, da akuya biyu. Na ce da bidon? Ya dube ni kamar na zage shi, ya ce, "Haba ɗiyata, in ɗauki wanga abu in shiga kasuwa?" Na ba shi wani sabo, muka zauna muka lissafa ranar da ba ya zuwa ko'ina. Mun tsaya a kan Laraba.