Kilomita 33, inda cinyoyina suka ce sun gaji

Yau kwana uku kenan da gama tseren amma har yanzu da baya da baya nake saukowa daga bene, ina dafe da bango. Duk wanda ya taɓa gudun marathon na cikin daji da duwatsu ya san wannan ciwon.

A takarda nisan ɗaya ne da na kan kwalta, kilomita 42 da mita 195, irin wanda aka yi a Olamfik ɗin Landan a 1908. Amma wallahi ba ɗaya ba ne. A kwalta ƙafarka iri ɗaya take sauka tun daga farko har ƙarshe, a daji kuwa kowane taku da nasa, nan tsakuwa, nan saiwar bishiya, nan taɓo, ba ka isa ka ɗauke ido daga ƙasa ba ko na sakan biyu. Rabin farko lafiya lau na yi shi. In na zo hawa mai tsayi tafiya nake yi, hannu a kan gwiwa ina turawa, kuma ba abin kunya ba ne, ko manya irin su Kilian Jornet, shahararren ɗan tseren duwatsu, haka suke yi in tudu ya miƙe.

Kuskurena tun wajen kilomita 22 ya fara. Zuciyata ta soma tashi, sai na daina shan jel ɗin da ke aljihuna, wato sukari mai kauri a 'yar leda da masu gudu ke tsotsa don samun ƙarfi, na ce bari cikin ya lafa tukuna. Toh shi jiki sukarin da yake ajiyewa a tsoka da hanta, wato glaikojin, bai wuce kusan kalori 2,000 ba, shi ya sa ake cewa ka riƙa zuba giram 30 zuwa 60 na sukari duk awa. Ni na yi fiye da awa ban sa komai ba. Da na kai kilomita 30 sai na ji kamar an zare min batir.

Amma ba wannan ne ya fi ba ni wahala ba, gangara ce. Mutane suna ɗauka gangara hutu ce, ina! A gangara tsokar gaban cinya ita ce birki, tana miƙewa kuma tana riƙe nauyinka a lokaci guda, haka take ta tsattsagewa kaɗan kaɗan ba ka sani ba sai can ƙarshe. A kilomita 33 akwai wata doguwar gangara mai duwatsu, duk takun da na yi sai na ji kamar an soka min ƙusa a cinya, ga babban yatsana na dama yana ta dukan bakin takalmi, ga gumi ya bushe ya bar farin gishiri a rigata, na tsaya na kama wata bishiya ina haki hawaye na zubo min.

A nan na tambayi kaina wane irin ciwo ne wannan. Don ciwo biyu ne, kuma ni ban yarda da masu cewa ka daure kawai ko mene ne ba. Akwai na gajiya, mai nauyi, wanda ya game ƙafafu biyun duka. Akwai kuma mai tsini a waje ɗaya, a ƙashi ko a gaɓa, wanda ke sa ka ɗingishi, ko jiri da ruɗewa, wannan in ya zo tsayawa ake yi, babu jarumta a ciki. Na danna ƙaurina, na lanƙwasa gwiwa, na juya idon sawu. Ba inda ya amsa. Na gajiya ne. Na tuna da Farfesa Tim Noakes na Afirka ta Kudu da yake cewa ƙwaƙwalwa ce ke taka maka birki tun kafin jiki ya ƙare da gaske, masana na ta muhawara a kai har yanzu, amma a gindin bishiyar nan maganar ta yi min amfani.

A wajen shan ruwa na gaba wani dattijo cikin masu taimako ya dube ni ya ce, "Yaro, zauna minti biyu, amma kar ka cire takalmin nan." Na ce, "Baba, ƙafar ce." Ya ce, "Na gani. Sha wannan, ka tashi." Na tsotsi jel ɗin a hankali da ruwa, cikin bai ƙi ba.

Daga nan na daina kallon agogo. Akwai ƙyallayen da ake ɗaurawa a rassan bishiya don nuna hanya, su na koma bi. In na kai wannan sai in nemi na gaba, shikenan. Gudu taku hamsin, tafiya taku ashirin, na rage faɗin taku a gangara ina sauka a hankali. Ciwon bai tafi ba ko kaɗan, kawai dai ya daina ƙaruwa, kuma wajen 39 na ji ƙarfi ya ɗan dawo.

Da na tsallake layin ƙarshe zama na yi a kan ciyawa. Hannuna na rawa har na kasa kwance igiyar takalmi, sai wata baiwar Allah da ta iso gabana kaɗan ta durƙusa ta kwance min. Farcen babban yatsan ya riga ya yi baƙi.