Ranakun da Takarda Ta Fito Fes

A shekarar 2019 malaminmu na fiziks ya ba mu aikin bibiyar tabon rana, wato baƙaƙen ɗigon da kan fito a fuskar rana. Tsohuwar dabara muka bi, irin wadda masanin taurari Galileo ya yi aiki da ita a 1612: ba a leƙa rana ta madubin hangen nesa, sai dai a saita shi ya jefa hotonta a kan farar takarda, a bi duk ɗigon baƙin da ya fito da fensir. Malam ya ja mana kunne, duk wanda ya kuskura ya leƙa, to ya yi sallama da idonsa.

Kullum da hantsi ina kan rufin ɗakin gwaji, takarda fes, ko ɗigo babu. Na goge gilashi, na sake saiti, har na fara zargin na'urar. Can dai na daina cika littafin. Me zan rubuta?

Da Malam ya buɗe ya ga shafuka wayam, sai ya ce, "Kai, ina ranakun nan suka shiga?"

Na ce, "Malam, ai ban ga komai ba."

"To shi za ka rubuta. Kwanan wata, lokaci, babu tabo."

Nan ya ba mu labarin Heinrich Schwabe, wani mai haɗa magani a garin Dessau na Jamus. A 1826 ya fara duban rana, kuma ba tabon ne ma a gabansa ba, wata duniya yake farauta wadda ake zaton tana tsakanin rana da Makyuri, duniyar da ta fi kusa da rana. Har ya bar duniya bai same ta ba. Amma duk ranar da gari ya yi garau sai ya ƙirga tabon ya rubuta, har da ranakun da bai ga ko ɗaya ba. Sai bayan shekara 17, a 1843, ya gano cewa tabon kan yawaita, su ja baya, su sake dawowa, kusan duk shekara 10. Rudolf Wolf na Suwizalan ne ya tono tsofaffin bayanai, ya daidaita lissafin zuwa kusan shekara 11.

Ashe na'urata lafiyarta ƙalau. A 2019 ana tsakiyar lokacin da tabon rana kan ja baya, farar takardar nan ita ce amsar da ake nema.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranakun da na tsallake. Ni kaina na kasa tuna wacce hazo ya hana, wacce na fita ban ga komai ba, wacce kuma barci ne ya kwashe ni. Malam ya sa jan biro ya soke su duka, kwana 12 cur.