Tsufan Duna

Shekara 13 ke nan da aka kawo mini Duna daga wani ƙauye kusa da Zariya, yana ɗan kwikwiyo baƙi wuluk. Don gadi na karɓe shi, ya kuma riƙe amana, domin a tsawon shekarun nan ba a taɓa haura mana katanga ba. Yanzu kuwa ko baƙo ya buga ƙofa, sai dai ya ɗaga kai ya saurara, sannan ya mayar da haɓarsa bisa ƙafafunsa.

A hunturun bara na fara lura da cewa tashi da safe yana yi masa wuya. Yakan dafa ƙasa da ƙafafun gaba, na baya kuma su yi ta karkarwa kafin su ɗauke shi. Daga baya ya soma shan ruwa fiye da kima, yana yawan fitsari, ga rama har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Likitan dabbobi ya gwada jininsa, ya ce ƙodarsa ta yi rauni, ga ciwon gaɓɓai da yanar ido, kuma abin da ya lalace a ƙoda ba ya dawowa, sai dai a sassauta masa wahala. Ya ja mini kunne ƙwarai kada in ba shi maganin ciwon jiki na mutane irin su ibuprofen, domin yana iya ƙarasa ƙodar, ya kuma yi wa cikinsa gyambo. Na ji sanyi a jikina, saboda saura kaɗan in ba shi don tausayi.

Tun daga nan hidimarsa ta canja. Na shimfiɗa masa tsohon bargo a kan buhuna a lungun da iska ba ta bugawa, na ajiye kwanon ruwa inda zai kai baki ba tare da ya miƙe ba. Mun daina ba shi ƙashi da ragowar miya mai gishiri, sai shinkafa mai laushi da ɗan nama kamar yadda likita ya tsara. Na hana yara sauya wa turmi da bokitai wuri a tsakar gida, tunda yanzu da hanci da sabo yake gane hanya.

Wani maƙwabcina ya tarar da ni ina cire masa kaska, ya ce, "Malam, kare ne fa." Ban ji haushinsa ba, domin haka yawancinmu muka taso. Na dai tuna masa hadisin mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa da takalminsa, Allah ya gafarta masa. Dabbar da ta hana idonta barci don iyalina su yi nasu tana da hakki a kaina.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar allurar da ke kawo ƙarshen wahala, wato wadda ake yi wa dabba ta mutu ba tare da jin zafi ba. Likita ya ce in Duna ya daina cin abinci gaba ɗaya, ko ya kasa tashi daga ƙazantarsa, to lokacin shawara ya yi. Malamin da na tambaya ya ce malamai sun saɓa a kan haka. Har yanzu ban yanke hukunci ba.

Jiya da magariba ya ci rabin abincinsa, ya lallaɓa har bakin zaure inda ya saba kwanciya, na kuwa ɗauko bargon na kai masa can.