Ranar da na ɗaura wa Kogin Kwara sunan da ba nasa ba

A zangona na biyu na koyon Sinanci, malamarmu ta ba mu aikin gida, kowa ya rubuta 'yan layuka a kan ƙasarsa. Lokacin na riga na haddace wata ƙa'ida da na tsinta a bakin ɗalibai, wai jiang (江) babban kogi ne, he (河) kuma ƙarami. To wa zai kalli Kwara, ruwan da ya taso daga tsaunukan Gini ya ratsa Mali da Nijar kafin ya iso mu, ya kira shi ƙarami? Sai na ɗaura masa jiang, ina ganin na kare mutuncin gida.

Takardata ta dawo da jan biro. Malama ta ce, "Kogin Nilu ma he muke ce masa. Amazon ma haka."

Sannan ta warware mini zare da abawa. A tsohon Sinanci kalmomin nan biyu sunayen yanka ne. He shi ne Rawayen Kogi na arewa. Jiang kuma shi ne Yangtze, wanda su suke kira Chang Jiang, wato dogon kogi, mai tsawon kusan kilomita 6,300. Sauran koguna da shui ake bin sunansu, ma'ana ruwa, shi ya sa har gobe za ka ji ana cewa Han Shui. Da tafiya ta yi tafiya, kowane suna ya yaɗu a yankinsa. Kudu ta cika da jiang, irin su Zhu Jiang da ya ratsa Guangzhou, garin da 'yan kasuwarmu suka sani kamar yunwar cikinsu. Arewa kuma he, irin su Hai He na Tianjin. Lardunan Henan da Hebei ma daga nan suka samo suna: kudu da He, arewa da He.

Har na fara murna na samu sabuwar ƙa'ida, sai Heilong Jiang da Songhua Jiang, can ƙuryar arewa maso gabas, suka watsa mini ƙasa a ido. Wanda ya fi ba ni dariya Mekong ne. Muddin yana cikin ƙasar Sin, Lancang Jiang ne sunansa. Yana ƙetare iyaka sai ya koma Meigong He, alhali ko guga ɗaya bai ragu ba.

A hanyar komawa ɗaki kunya ta kama ni. Bamaraɗe Gulbin Maraɗi yake cewa, Basakkwace ya ce Gulbin Rima, Bakano ya ce Kogin Challawa, kuma ban taɓa ɗaukar igiya na auna faɗinsu ba kafin na kira sunansu. Yadda na ji manya suna faɗa, haka nake faɗa.

A daren na ware shafi guda a littafina, kowane kogi da cikakken sunansa. A layin farko na rubuta na Kwara: Niri'er He.