Ƙasar da ake kiran Ba'amurke "Kano"

Bahaushen da ya sauka Filifin sabon zuwa, in ya ji yara a bakin titi suna ihun "Kano! Kano!" sai ya waiga, a zatonsa an gane mutumin gida. To ba da shi ake ba. Wancan dattijon Baturen mai gajeren wando da silifa ake nufi. A bakin mutanen nan Kano taƙaitawa ce ta Amerikano, kuma kusan duk farar fata Kano ne, ko daga Jamus ya fito. Wani lokaci su kira shi Joe, sunan da ya maƙale tun zamanin sojojin Amurka na Yaƙin Duniya na Biyu. Amurka ta riƙe ƙasar daga 1898 zuwa 1946, sansanoninta na Clark da Subic kuwa sai 1991 da 1992 ta bar su. Saboda haka Ba'amurke yake zuwa da tunanin gida ya zo: allunan shaguna da Turanci, kowace unguwa da filin ƙwallon kwando, kowa yana da ɗan'uwa a Kaliforniya. Wannan kamannin shi ke fara kayar da shi.

Misali na farko yana jikin bango. Soket ɗin nan irin na Amurka ne, mai siraran baki biyu, filogin da ya zo da shi zai shige daram. Amma wutar volt 220 ce, tasu ta can kuwa 120. Cajar waya da ta kwamfuta yawanci suna ɗaukar duka biyun, a duba rubutun jikinsu, in an ga 100 zuwa 240 babu matsala. Injin markaɗe, na'urar dafa kofi da injin aski su ne ke hayaƙi a daren farko. Maganinsa ƙaramar taransfoma mai rage wuta, wadda ƙarfinta ya ɗara abin da na'urar ke ja, ko kuma a bar kayan can a sayi na nan, wanda shi ya fi sauƙi.

Takardu ba su da wahala in ana lura da kwanan wata. Ba'amurke yana shiga ba biza na kwana 30, ya je ofishin shige da fice a ƙara masa 29, daga nan ya riƙa sabuntawa har wata 36 kafin a ce ya fita ya dawo. Wanda ya wuce kwana 59 sai ya yi katin baƙi, ACR I-Card. Wanda ya kai wata shida yana buƙatar takardar izinin fita, ECC, kuma ita ce mutane ke mantawa har sai an tsayar da su a filin jirgi da jaka a hannu. Mai auren 'yar ƙasa yana neman bizar 13(a), shekara ɗaya ta gwaji sannan ta dindindin. Lasin tuƙinsa na Amurka kwana 90 kawai yake aiki.

Banɗaki kuwa, nan Bahaushe ya fi shi gata nesa ba kusa ba. A gidajen talakawa bokiti ne da wata moɗar roba mai hannu da ake kira tabo, takarda kuma in akwai ta ba a jefa ta a masai don bututun siriri ne. Mu da muka tashi da buta ba sai an yi mana bayani ba. Shi kuwa bawan Allah sai ya shige ya daɗe, kunya ta hana shi tambayar surukai yadda ake yi.

Duk waɗannan wata uku sun ishe shi ya saba. Abin da ke cin mutum shekara da shekaru shi ne kuɗi da dangin mata, kuma a Dumaguete ko Angeles ko Cebu, duk inda tsofaffin Amurkawa suka taru shan kofi da safe, hirar ke nan.

Tsarin mulkin 1987 ya hana baƙo mallakar fili. Zai iya sayen fulat a dogon bene, muddin rabon baƙi a ginin bai wuce kashi 40 cikin ɗari ba, zai iya hayar fili na dogon lokaci, amma takardar ƙasa sunan matar za ta ɗauka. Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukunci fiye da sau ɗaya cewa baƙon da ya biya kuɗin fili da sunan matarsa ba zai karɓi kuɗinsa ba in aure ya mutu, tunda ya san dokar kafin ya biya. Ga shi babu saki a dokar ƙasar sai ga Musulmi, waɗanda ke da tasu dokar iyali tun 1977. Sauran jama'a sai dai neman kotu ta rushe auren, abin da ke cin shekaru da dukiya. Mutum ya sayar da gidansa na can, ya zo ya gina a filin surukinsa a ƙauye, ranar da aka ɓata sai ya ga ko ƙofa ba zai iya cirewa ba.

Sannan ga kallon kitse da ake wa rogo. Fanshon da a Amurka da ƙyar yake biyan haya, a ƙauyen Visayas, yankin tsibiran tsakiyar ƙasar, ya fi albashin malamin makaranta. Don haka ba a daɗe ba za a fara: kuɗin makarantar ƙanwar mata, maganin Lola, wato kaka, gyaran babur mai ƙafa uku na Kuya, wato yaya, a kuma naɗa shi ninong, uban baftisma, na jarirai biyar a shekara guda, kowanne da haƙƙinsa lokacin Kirsimeti. Kalmar da za a faɗa masa ita ce utang, bashi. Shi kuma ya rubuta a littafi yana jiran ranar biya, irin tarbiyyar da ya taso da ita. A nan ne ake samun saɓani. Bashin dangi a wurinsu ba da feso, kuɗin ƙasar, ake biyansa ba. Akwai abin da suke kira utang na loob, bashin zuci, wanda ake ramawa da hidima: su ne za su ɗaure masa rufi kafin guguwa, su kwana da shi a asibiti. In ya tambayi kuɗinsa a gaban mutane ya jawo hiya, kunya, kuma matarsa ce za ta sha ta, ba shi ba. Wanda ya san zumuncin gidan yawa ba zai ga baƙon abu a nan ba. A ganina ma rabin laifin na Kano ne, don shekararsa ta farko yakan ji daɗin zama mai gida, yana rabo hannu sake, sai daga baya ya ce an mai da shi saniyar tatsa.

Waɗanda suka zauna lafiya ga abin da suke yi. Haya suke fara kamawa shekara ɗaya cur kafin su sa bulo ko ɗaya, kuma a garin da sai an hau mota ko jirgin ruwa kafin a iso daga gidan surukai. Suna yanke adadi guda kowane wata, ya bi ta hannun matar, ita ta raba, in ya ƙare ya ƙare. Kuɗin makaranta a kai wa makarantar kai tsaye a karɓi rasit. Ba sa cewa a'a gatsau, don mutanen nan su ma ba sa faɗa. "Zan duba" ta wadatar, kowa ya gane. Kuma ko me ya yi zafi ba sa ɗaga murya a waje. Wanda ka yi wa tsawa zai iya kai ka barangay, ofishin mai unguwa ke nan, a zaunar da ku sulhu, kuma ƙorafi a kan baƙo yana iya kaiwa ga hukumar shige da fice.

Asibiti shi ke nuna amfanin dangin da ake kuka da su. Medicare, inshorar lafiyar tsofaffi ta gwamnatin Amurka, ba ta biya a nan. Tsofaffin sojoji suna da asibitin shan magani nasu a Manila, sauran kuwa aljihunsu ne ko inshorar da suka saya. Marar lafiya sai da bantay, mai jinya, wanda zai kwana a gefen gado, ya je kantin magani, ya kawo abinci. Baturen da ya kori kowa saboda feso dubu biyar, ranar ciwo ba shi da mai miƙa masa ruwa.

Da rana za ka ga Ba'amurken yana alfahari: ya iya cewa "para po" a tsayar da jifni, motar haya ta ƙasar, yana da suki, mai kifin da ba ta ƙara masa kuɗi a kasuwa, yana aika wa mutanen gida hoton teku a watan da dusar ƙanƙara ta rufe su. Ana kiransa Tito, wato kawu, yara suna kai hannunsa goshinsu don gaisuwa, girman da 'ya'yan cikinsa ba su taɓa ba shi ba. Da dare kuma sai a taru ana hira da harshen Bisaya ana dariya, shi yana zaune da murmushin wanda bai ji komai ba, maƙwabta suna waƙa a lasifika, zakarun faɗa suna jiran ƙarfe huɗu.

Nuwamba ta fi tsanani. Waƙoƙin Kirsimeti tun Satumba suke tashi a kantuna, amma bikin godiya na Amurkawa, Alhamis ta huɗu ga wata, a nan ranar aiki ce kamar kowace. Tsakaninsa da gabashin Amurka awa 13 ne a lokacin, don haka sa'ar da 'yarsa ke zaunar da jikoki cin talotalo ƙarfe biyar na yamma, shi ƙarfe shida ne na safiyar Juma'a. Sai a jingina wayar da kwalba a kan tebur, a zagaya da shi kowa ya ce sannu Kaka, ƙaramin cikinsu ya ɓoye fuska don bai san shi ba. Ɗansa na fari, wanda har yanzu bai huce ba kan gidan da aka sayar, yakan ce yana kicin.