Birkin W123 ya saki, ga kuma amsata kan kuɗin da na biya

'Yan uwa, yau dai tayar gaba ta dama ta juya da hannu ɗaya bayan doguwar tafiya, wilin ma bai ɗau zafi ba. Alhamdu lillahi. Waɗanda ke bin labarin Marsandina W123 ƙirar 230 ta 1979 sun san yadda birkin nan ya hana ni sakat.

Da sanyin safiya lafiya lau take. Sai an ɗan yi tafiya an taka birki sau da yawa, ta fara ja gefen dama, warin ƙuna ya taso, wilin ya yi zafin da hannu ba ya taɓuwa. Kowa ya ce kalifa ce, wato ƙarfen da ke matse faifan birki a jikin wili, kuma da na kwance ta na ga dalilinsu: fistan ɗin ya ci tsatsa zagaye guda. Man birkin da na zuƙe ya yi baƙi ƙirin. Man nan yana shan ruwa daga iska, shi ya sa ake cewa a canza shi duk shekara biyu, wannan kuwa Allah kaɗai ya san tun yaushe yake ciki. Na sayi kalifa biyu na gaba, kuɗinsu ya yi mini ciwo ƙwarai, na ɗaura, na fitar da iska. Na fita gwaji, ta sake kamawa. Ranar ko magana ban iya yi wa kowa ba.

Na koma zargin masta, wato famfon da ke tura man birki in an taka fedal, saura kaɗan in saye ta ita ma. Abin da ya warware zancen shi ne gwada ta da zafinta. Ina dawowa na ɗaga ta a jak, taya ta ƙi motsi. Na sassauta ƙusar fitar da iska ta kalifar, mai ya yi tsartuwa, nan take taya ta saki. Ke nan mai ne ya maƙale da ƙarfinsa. Na sake zafafa ta, wannan karon na sassauta mahaɗar bututun ƙarfe da ke saman tiyon roba. Ɗigo kawai ya fito, taya na nan a kame. Tiyo ne! A waje sumul yake, ko tsaga babu. Da na yanka shi gida biyu sai ga cikin ya kumbura, ramin ya tsuke, da ƙyar allura za ta wuce. In ka taka, ƙarfin ƙafa na tura mai ya shiga, amma ba ya iya komowa. Na canza tiyon birki duka huɗun.

To, ga tambayar da kuke ta yi mini: ko ta cancanci kuɗinta? Mitarta na nuna kilomita 41,000, kuma na biya kusan ninkin abin da ake sa wa irinta da suka sha hanya. Bayan birki, tanki ya sha wanki saboda tsatsa, tsohon fetur ya daskare a kafireta kamar ƙaro, robobin inji sun bushe suna yoyo. Tayoyin ma lambar da ke nuna lokacin ƙera su alƙaluma uku ce, alamar tun kafin 2000 aka yi su, duk da zanensu bai ci ba. Babu ko ɗaya cikin wannan da yake laifin ƙirar motar. Zama ne ya cinye ta. Roba da mai ba ruwansu da mita, shekara suke ƙirgawa. Irv Gordon na Amurka ya zarce mil miliyan 3 da Volvo P1800 ta 1966, don kullum tana kan hanya ana kuma kula da ita.

Duk da haka ban yi da-na-sani ba. Kujerunta ba su lotsa ba, allon gabanta bai tsage ba, fentin na asali ne, ƙofa na rufuwa da tattausar ƙara. Na leƙa ƙasan kafet da gindin batir, inda W123 ta saba ruɓewa, ƙarfe ne garau. Tiyo da kalifa ana samun sababbi. Fentin 1979 kuwa, in ya tafi ya tafi ke nan. Abin da na biya wa ƙarin kuɗi ke nan, kuma a kan wannan zan sake biya.

Amma kada lambar mita kaɗai ta ruɗe ku. Yawancin mitocin tsofaffin motoci masu alƙaluma biyar suna komawa sifili bayan 99,999, wata mitar kuma tsayawa take yi mota na tafiya. Ni takardun gyara na bi, na haɗa da robar fedal da sitiyarin da ba su goge ba, kafin na yarda. In babu takardu, ku yi ciniki kamar ta sha hanya. In akwai, ku cire kuɗin birki, tayoyi, tanki da robobi daga farashin tun kafin a ce an sallama.

Yanzu saura famfon ruwa, ya fara ɗan tsiyaya. Wanda ya taɓa kwance na irin injinta, M115, ya faɗa mini ko sai na cire lagireto kafin hannu ya kai.