Tarihin Rayuwata, Kashi na 23: Dajin Ostireliya da Maganar Kawu

Wancan makon na tsaya a shekarun da na yi ina aikin kanikanci a Alice Springs, tsakiyar Ostireliya. Ɗan wajen Yaya ya turo saƙo, wai me ake tsoro a daji ƙasar Turawa, ba ga wayar hannu ba? Irin tambayar 'yan ɗakinsu ke nan. Su ne dai suka riƙa kiran Kawu "direban rairayi" don bai yi boko ba, alhali mutumin ya tsufa yana kai kaya daga Agadas zuwa Dirku. Kawu, Allah Ya jiƙansa, yakan ce matacciyar mota ta fi rayayyar ƙafa. To ka saurara, ɗana.

Da ka sauka daga kwaltar Stuart, wadda ta tashi daga Port Augusta zuwa Darwin, sabis ya ƙare. Tsakanin Mount Dare da Birdsville, ta hamadar Simpson, kusan kilomita 500 ne babu gidan mai, ga tudun rairayi sama da 1,100. Hukuma kan rufe wannan hamada daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, domin lokacin ne bazararsu. A Oodnadatta an taɓa auna zafi digiri 50.7 a Janairun 1960.

Abin da ke kafe mota a yashi yawanci iskar taya ce. Baƙo ya hayo mota da iska 40 a geji, irin ta kwalta, tayar ta yi tauri tana yanka yashi tana nutsewa, shi kuwa sai ƙara taka totur yake har cikin motar ya zauna a ƙasa. Sauke iskar zuwa 18 ko 20, tafin tayar ya baje. Ka haƙe gaban kowace taya da shebur, ka sa giyar ƙarfi, ka tashi a hankali. In ta ƙi, sauke zuwa 15, amma ban da karya sitiyari da ƙarfi, don taya na iya zamewa daga rim. Kuma wanda ba shi da famfon mayar da iska ya sayi wata matsalar, domin taya mai laushi a kan tsakuwa zafi take ɗauka ta fashe.

A Disambar 1998 wasu masu yawon buɗe ido biyu daga Ostiriya ta Turai suka kafe a Halligan Bay, bakin tafkin Eyre, wajen kilomita 60 daga William Creek. Akwai tankin ruwa a wurin. Macen ta kama hanya da ƙafa, aka tsinci gawarta a kan hanyar. Namijin da ya zauna wajen mota ya rayu. Ɗan sandan da ya je ya rage iskar tayoyin, ya ɗan yi haƙa, ya fitar da motar cikin 'yan mintoci. Ranar da na fara jin labarin nan Kawu na tuna, mutumin da ko sunan ƙasar bai iya faɗa daidai ba. Kafin su ma, a ƙarshen 1963, iyali guda su biyar sun saki hanyar Birdsville bisa kuskure, mai ya ƙare, suka bar mota, babu wanda ya tsira.

Dalilin a fili yake. Mai nema daga jirgi yana hango mota, da wuya ya hango mutum. Mota tana da inuwa, madubi, hon, da safaya da za a ƙona hayaƙinta ya tashi baƙi. Ɗaga bonet, ɗaura tamfol a gefe, ka kwanta da rana, aiki sai da sanyin asuba. Ruwa kuwa a sha shi, kada a yi ta ɓoyonsa har hankali ya gushe. Lita biyar zuwa bakwai ga kowane mutum a rana, da ƙarin na kwanaki, a jarkoki daban-daban, saboda gargadar hanya tana huda jarka, tana kwance noti, tana tsinke wayar batir. Mai ma haka: a yashi mota na iya shan abin da ta saba sha har da ƙarin rabinsa.

Har Kawu ya rasu 'yan ɗakin Yaya ba su daina yi masa dariya ba, wai yana leƙa ƙarƙashin mota kamar mai neman kaza. A can Ostireliya akwai ciyawa mai ƙaya da suke kira spinifex, tana taruwa kusa da salansa ta kama wuta, mota ta ƙone ƙurmus. Duk tsayawa sai an leƙa an zaƙulo ta da waya.

Abu ɗaya da Kawu bai riska ba shi ne 'yar na'urar neman agaji, PLB, mai aika sigina ta tauraron ɗan'adam a kan mita 406. A yi mata rajista, a ajiye ta inda hannu zai kai, ba ƙasan kaya ba. Sannan a gaya wa mutum ɗaya tak hanyar da za a bi da ranar fitowa, a ce masa in ranar ta wuce ya kira 'yan sanda, kada ya jira gobe.

Mako mai zuwa zan koma kan rigimar filin Kawu, tunda wasu sun ce na tsallake ta da gangan.